Na kawo iyalina Legas, yanzu matata tace ita gida zata koma

Wannan saƙon wani bawan Allah ne ya turo min daga Agege, na ɗan taƙaita shi saboda tsawo:

"Salamu alaikum Anti. Ni mutumin Funtuwa ne, shekarata goma sha ɗaya a Legas, ina da ɗan shagon kayan masarufi. Bara bayan babbar sallah na ɗauko matata da yaranmu uku, babban shekararsa tara, mai bi masa mace shida, ƙaramin bai kai biyu ba. Wallahi ban rage ta da komai ba, ci da sha da sutura, har talabijin na saya mata da ƙaramin janareto. Amma wata biyu kenan kullum sai kuka, tace ta gaji da zaman ɗaki, yara ma banda makaranta ba inda suke zuwa, ita in maida ta gida. Tace ko teku da ake faɗa bata taɓa gani ba. Ni kuma abinda nake gudu, wuraren shaƙatawar garin nan duk tsiraici ne da giya, ga tsada ga goslo, kuma in na rufe shago asara ce. Gaskiya ni kaina daga shago sai masallaci sai ɗaki, ban san ko ina ba. Ya zanyi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya kayi tambaya, dan wani cewa zaiyi butulci ne kawai irin na mata ya share. Ba butulci bane. Ni na zauna a Idi Araba shekara tara, amarya aka kaini, kuma na san kukan da matarka take yi kamar yadda na san yunwar cikina.

Ka tuna inda ka ɗauko ta. A Funtuwa ko da bata fita, ai tana da tsakar gida, tana shanya tana ganin sama, maƙociya ta leƙo aron turmi su tsaya hira, yau suna gobe biki jibi dubiya, yara kuwa in suka fita ƙofar gida sai magariba ta koro su. Kulle a can kulle ne a cikin mutane. To ka kawo ta gidan haya mai ɗakuna a jere suna kallon juna, banɗaki na layi, kicin a baranda, maƙota suna yare bata ji, kai ka fita tun asuba sai goman dare, ita da bango huɗu da yaro a goye da zafin Legas mai danƙo. Kai kana ganin mutum ɗari a rana a shago, ana ciniki ana raha ana gardamar ƙwallo. Ita mutum nawa take gani? Talabijin baya amsa magana ƙanena. Kuma abinda ta roƙa bai yi yawa ba, cewa tayi tanaso taga garin da ka kawo ta.

Maganar tsiraici da giya ban ƙaryata ka ba, akwai su, kuma akwai wuraren da ni ma bazan kai 'ya'yana ba. Amma garin da ke da mutum miliyoyi ai ba kala ɗaya bane. Bayarabe musulmi mai gemu da matarsa cikin hijabi har ƙasa suna fita da yaransu duk sati, ina kake zaton suke zuwa? Sirrin kawai biyu ne, ka san wajen, sannan ka san lokacin. Waje ɗaya ne zaka je da tara na safe ka tarar da 'yan makaranta da iyalai, ka koma da shidan yamma ka tarar an kunna sipika an jera kwalabe. Saboda haka duk inda zan faɗa maka, da safe ake zuwa, la'asar tayi muku a hanyar gida.

Ni da zaka bi tawa, fita ta farko kada ma ka fara da teku. Ka kaisu gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, cikin tsibirin Legas. Tun 1957 aka buɗe shi, ba kiɗa ba hayaniya, kuɗin shiga bashi da yawa, kuma akwai abinda ya shafe mu kai tsaye a ciki. Motar Janar Murtala tana nan, baƙar Marsandin da aka harbe shi a ciki ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976 yana hanyar zuwa ofis a barikin Dodan. Ranar da na fara ganinta da mahaifina muka je, ya zo duba ni daga Kano. Tsohon nan ya tsaya gaban motar yana kallon hujin harsasai a jikin ƙofa da gilashin, bai ce komai ba kusan minti biyar, sai naga ya cire tabarau yana goge ido da bakin babbar rigarsa, ya ɗaga hannu yana addu'a. Bayan mun fito ne ya zauna yake bani labarin yadda Kano ta kasance ranar da aka kawo gawar, labarin da tunda nake dashi bai taɓa bani ba. To kai ma ka saka naira ashirin a aljihu, in kun isa gaban motar ka fito da ita ka nuna wa babban yaronka hoton da ke jiki, kace masa wannan mutumin ne, ɗan Kano ne, a nan ciki ya cika. Yaro ɗan shekara tara bazai manta ba har ya tsufa. Akwai kuma kayan Nok na yumɓu da aka tono a kudancin Kaduna, masu shekara fiye da dubu biyu, da kayan tagulla na Bini da sauransu. Ba ko ina ake barin ɗaukar hoto ba, ka tambayi ma'aikatan kafin ka ɗaga waya.

Daga nan da ƙafa ma zaku iya zuwa dandalin Tafawa Balewa, tsohon filin sukuwa inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu a 1960, ga manyan dawakai na siminti sun ɗaga ƙafa a saman ƙofar, yara suna son yin hoto a wajen. In azahar tayi babban masallacin Legas yana can wajen Idumota a titin Nnamdi Azikiwe, akwai ɓangaren mata, sai dai cunkoson kasuwar wajen ba wasa, ka riƙe hannun yara gam ka maida wayarka aljihun gaba. Akwai kuma Freedom Park a Broad Street, tsohon gidan yarin Turawa ne aka maida shi lambu a 2010, da rana shiru ne ga inuwa ga kifi a tafki, amma yana cikin wuraren da nace maka yamma ba taku bace.

Ita hanyar ma kanta yawon buɗe ido ce, wannan ne mutane basa ganewa. Kai da ke Agege ga tashar jirgin ƙasa a ƙofarka, jirgin da ake kira jan layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024, yana tsayawa a Agege, ya bi ta Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba har Oyingbo, ba ruwanka da goslo ba ruwanka da ihun kwandastan danfo. Ka leƙa tashar ka tambayi ranaku da lokutan tashinsa dan ba kowace sa'a yake tashi ba, sannan ka yanki katin Cowry ka zuba masa kuɗi, da shi ake shiga jirgin, da shi ake shiga manyan motocin bas na BRT. Akwai kuma shuɗin layi mai aiki da lantarki daga Marina zuwa Mile 2, wannan ta sama yake bi, ya ratsa kan ruwa, ya wuce ta gaban babban gidan wasan kwaikwayo na Iganmu da aka yi bikin FESTAC a 1977, ginin nan mai kama da hular soja. Wallahi ko ba inda zaku, ku shiga ku je ku dawo, ka sa yaran a jikin taga, ya ishe su labarin sati guda. In kuma mota kuka bi wata rana to ka zaɓi mai hawa gadar Third Mainland, kusan kilomita goma sha biyu kuna tafiya a kan ruwa, ka nuna wa matarka Makoko daga sama, unguwa guda da aka kafa gidajenta a kan turaku cikin ruwa, kwalekwale shine abin hawansu.

Fita ta biyu, bayan sati biyu ko uku in aljihu ya huta, Lekki Conservation Centre. Wannan shine wajen da na fi so a duk Legas. Daji ne aka killace tun 1990, hekta 78, a tsakiyar gine-ginen Lekki, kana shiga geti ƙarar motoci ta ɗauke kamar an kashe rediyo. An shimfiɗa hanyar katako a kan fadama kuna tafiya ƙarƙashin itatuwa, iska mai sanyi, birai suna ta tsalle a kanku, ga ɗawisu yana yawo abinsa, ga wani tsohon kunkuru ƙato da yara ke zagayewa. Amma ka ji gargaɗi akan biran nan, basa tsoron mutum ko kaɗan. 'Yata tana shekara biyar tana riƙe da biskit a leda, kafin in ce ɓoye wani ya diro kan katakon ya fizge ya haye reshe, ya zauna ya yage ledar da haƙori yana ci yana kallonta. Tayi kuka kamar me, amma yau ta girma kuma duk sanda aka ambaci Legas labarin birin nan take fara bayarwa. To abinci ya zauna cikin jaka a zuge, sai kun isa filin da ke can ciki inda aka yi rumfuna, nan ake shimfiɗa tabarma a ci, akwai tafkin kifi da manyan ludo da dara da aka zana a ƙasa, yara su yi ta gudu ba mota ba okada. Ka duba fuskar matarka lokacin da ta zauna a ciyawa ta miƙe ƙafa, zaka gane abinda nake faɗa maka.

A wajen ne kuma akwai gadar nan ta igiya da ke rataye a saman itatuwa, tsawonta mita 401, ana lissafa ta a matsayin mafi tsawo irinta a Afirka. Kuɗinta daban ne da na geti, tana lilo in ana tafiya, kuma akwai ƙa'idar shekaru, ƙananan yara basa hawa. In matarka tanaso ta hau ka riƙe mata yaran ta hau, in tana tsoro kada ka matsa mata. Tasa takalmi mai rufi ko silifas mai kama ƙafa, banda mai tsini. Kuma daga Agege zuwa Lekki tafiya ce ta gaske, ku fita da an idar da asuba gari ya fara haske, ranar Asabar ko Lahadi da safe hanya tafi sauƙi, in kuka bari rana ta ɗaga to a mota zaku ci rabin yinin yaro yana kuka kowa ransa a ɓace, ka dawo kace dama na faɗa.

Yanzu maganar teku, tunda shi ta ambata da bakinta. Ka kaita. Mutumin da ya tashi a inda ruwa mafi girma shine dam, ranar da ya tsaya gaban teku wani abu ne ke shiga zuciyarsa. Na taɓa kai wata ƙanwar mijina da ta zo daga ƙauye, muna hawa tudun yashin nan ta hango ruwan ya haɗe da sama ba ƙarshe, sai ta tsaya cak ta damƙe min hannu tana ta subhanallahi subhanallahi, tace dama haka Allah yake da iko. Ta ɗanɗana ruwan da yatsa taji gishiri ta kama dariya. Kada ka hana matarka wannan saboda wasu suna zuwa wajen suna shashanci.

Amma ka san abu uku. Bar Beach da ka ji tsofaffin 'yan Legas suna faɗa babu shi yanzu, an cike wajen da yashi ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic, na Landmark ma aikin babban titin bakin teku ya cinye shi a 2024, dan haka kada wani ya tura ka can. Waɗanda suka rage ta Lekki da Ajah kusan duk na kuɗi ne, wasunsu kuma irin su Elegushi sun yi suna wajen kiɗa da casun dare, in dai can ne to ranar aiki da sassafe, banda Lahadi da yamma, banda ranakun biki da ƙarshen Disamba. Na taɓa zuwa wani, ba sai na kama suna ba, muka biya a geti, muka biya na ajiye mota, muna zama wani ya zo yace kujera ma sai an biya, har tabarmar da muka zo da ita yace ƙasar tasu ce. Tun a bakin geti ka tambayi komai da komai, nawa babba nawa yaro, ana shiga da abinci ko ba'a shiga, kafin ka fito da ko sisi.

Na uku kuma shine wanda nake roƙonka da girman Allah. Tekun Legas ba kogi bane ba dam bane, igiyar tana zuwa a hankali kamar wasa amma in zata koma janye yashin ƙarƙashin ƙafarka take yi, tana ɗauke babban mutum wanda ya iya iyo balle yaro. Iyakar yara inda kumfa ke taɓa idon sawu, kuma hannunsu cikin naka, ba cikin na yayansu ɗan shekara tara ba. Ba'a juya wa teku baya dan ɗaukar hoto. Akwai wani bakin tekun, Tarkwa Bay, ruwansa yafi kwanciya saboda duwatsun da suka kare shi, sai dai jirgin ruwa kaɗai ke zuwa, in zaku to ta tashar da aka sani zaku hau, kowa da rigar kariya har ƙaramin, in suka ce babu ta yara ku fasa, kuma ku dawo rana na sama. Ni da goyon da bai kai shekara biyu ba sai in ce ku ajiye wannan tukuna. Lokacin ruwa ma, musamman Yuni da Yuli, teku yafi haushi, a bari sai an samu rana mai haske.

Tsakanin manyan fitar nan akwai ƙanana da basa cin komai. Lambun JJT da na Ndubuisi Kanu duk suna Alausa nan Ikeja kusa daku, ciyawa ce da wajen wasan yara, awa biyu kun je kun dawo. Ikeja City Mall ma yana nan gefe, ko ayis kirim ɗaya ɗaya ka saya musu su sha sanyin esi su ga mutane. Badagry kuwa, inda benen 1845 da ake kira bene na farko a Najeriya yake da sarƙoƙin bayi da hanyar da ake bi dasu zuwa bakin jirgi, yana da nisa kuma abin yana da nauyi a zuciya, ka bari sai yaran sun ƙara wayo.

Batun kuɗi, abinda ke cinye aljihu a irin wannan fitar ba geti bane, abinci ne da ruwan sha da ake sayarwa a ciki ninki biyu ninki uku. Ta dafa dafa-duka ko taliya ta zuba a kula, ta soya ƙwai ko awara, ku sa piya wata a firij ɗin shago tun dare yayi ƙanƙara, ga burodin Agege a ƙofarku. Tabarma, darduma, buta, kayan canji na yara, famfas, lema. Ka ware ɗan abu kullum a gwangwani daga cinikin shago ka sa masa suna kuɗin fita, ƙarshen wata zaka ga ya isa. Shi kuma rufe shago, ƙanena duk Alhamis da safe ba rufe kasuwa ake yi sai ƙarfe goma saboda shara ba? Ka talauce? In aka bugo waya akace an yi rasuwa a Funtuwa ba kwana uku kake barin yaron shago ba? Yini ɗaya a wata bazai karya ka ba. Wanda zai karya ka shine gida biyu, tana can kana nan, kana turo kuɗin cefane kana cin abincin buka, yaranka suna girma basu san ka ba sai a waya. Annabi sallallahu alaihi wa sallam da duk nauyin da ke kansa yayi tseren gudu da Nana A'isha, ya tsaya ta jingina dashi tana kallon wasan Habashawa har sai da ita tace ya isa.

Sai dai kada kayi zaton fita sau ɗaya a wata zata cike sauran kwana ashirin da tara. Tana buƙatar mata 'yan uwanta. Agege kuwa ai rabin gida ce, Hausawa sun kafu a wajen tun zamanin fataucin goro, akwai zango akwai sarkin Hausawa akwai islamiyyun matan aure. Ka sa ta a ɗaya, ka haɗa ta da matan abokan kasuwarka, in ana suna ko biki ka barta taje. In tana da sana'ar hannu, kitso ko ɗinki ko ƙuli ko dambun nama, ka bata ɗan jari ka ajiye mata a shagonka. Sannan ka tsayar mata da ranar zuwa gida ganin iyayenta, rana takamaimai ba "in Allah ya hore" kawai ba, wanda ya san ranar tafiyarsa zama baya yi masa tsawo. In kuma kayi duk wannan kaga kukan bai ragu ba, bata cin abinci, bata barci, ko wanka sai ka matsa, to ya wuce kewar gida, ka kaita asibiti taga likita, damuwa ciwo ce kuma tana da magani.

Yau in ka tashi daga shago ka tashi da wuri, ka tarar da ita bata yi barci ba. Kada ka fara da lissafin abinda ka saya mata. Kace mata kin yi gaskiya, na barki a ɗaki da yawa, Asabar mai zuwa zamu fita, ga wurare kaza da kaza ki zaɓa. In tace ita teku take so a fara dashi, to ka bar tsarina ka bi nata, ku dai fita da sassafe, kuma ka riƙe hannun yaran nan. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a kasuwa, ka gaishe min da ita.